Rigar da Ba Ta Kama Jiki: Tarihin Ɗinkin Matan Inuit

A watan Oktoba na 1972, wasu maharba biyu 'yan'uwan juna, Hans da Jokum Grønvold, suna neman tsuntsaye kusa da wani kufai mai suna Qilakitsoq a yammacin Girinland, sai suka ga duwatsu a jere ƙarƙashin wani dutse da ya yi rumfa. Da suka ɗaga, sai ga mutane kwance, sanyi da busasshiyar iska sun hana su ruɓewa. Kaburbura biyu ne, gawa takwas: mata shida da yara biyu, ɗayan jariri ne ɗan kimanin wata shida. Bincike ya nuna sun rasu wajen shekarar 1475. An binne su da tufafinsu a jiki, an kuma cusa wasu a tsakaninsu, duka guda 78.

Tufafin nan sun ba masana mamaki. Rigunan ciki da fatun tsuntsaye aka haɗa su, gashin yana kallon jiki, na waje kuma da fatar sil, wata dabbar teku mai kitse. Maɗinkiyar ta zaɓi fata mai kaurin gashi ta sa inda jiki ya fi bukatar ɗumi, ta sa mai sirantaccen gashi a wuya da wuyan hannu, inda zafi zai samu hanyar fita. Yankan da ɗinkin ba su da wani bambanci mai yawa da abin da matan yankin ke yi shekara ɗari biyar bayan haka. Sana'ar ta riga ta nuna tun kafin Columbus ya tsallaka Atilantika.

Inuit, waɗanda Turawa suka daɗe suna kira Eskimo, suna zaune a bakin tekun ƙanƙara tun daga ƙarshen Saiberiya, zuwa Alaska, arewacin Kanada da Girinland. A wasu sassan, sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifili ya yi makonni a haka, ga iska ba itacen da zai tare ta. Maharbi kan tsaya awanni a bakin ramin da sil ke leƙowa ta shaƙi iska, ko motsi ba ya yi, sannan ya bi karnukansa da gudu zuwa gida. Riga ɗaya ce za ta yi masa aikin biyu: ta riƙe shi da ɗumi yana tsaye, kada kuma ta jiƙa shi da gumi yana gudu.

Riga ba ta ƙara wa jiki zafi ko kaɗan. Jiki ne ke samar da zafinsa, aikin riga ta hana shi gudu, kuma ba abin da ke tsare zafi kamar iskar da ke tsaye cik. Ruwa kuwa yana kwashe zafi fiye da iska sau ashirin da wani abu. Daga nan hanyoyin da sanyi ke kama mutum suka zama uku. Idan riga ta ɗame jiki, ta matse iskar ta fice, ta kuma takura jini. Idan ta buɗe ta ko'ina, iskar waje ta shiga ta share ɗumin da aka tara. Duk wanda ya taɓa fita sallar asuba a tsakiyar hunturu da babbar riga ita kaɗai ya san yawan yadi ba ya hana rawar ɗari. Idan kuma gumi ya jiƙa ta, ruwa ya maye gurbin iska, daga baya ya daskare.

Matan Inuit sun fara da zaɓen fata. Babbar dabbarsu ita ce karibu, dangin barewa mai ƙahoni masu rassa, wadda kowane silin gashinta ke da ramukan iska a ciki. Ba kowane lokaci ake son fatarta ba. Ta tsakiyar sanyi ta yi kauri da nauyi, gashinta na zuba, ta bazara kuma duk huji ce saboda tsutsar wani ƙuda da ke zama ƙarƙashin fatar. Ta ƙarshen Agusta zuwa Satumba ake nema, lokacin da hujin ya warke, sabon gashi ya fito daidai. Sai a shanya, a kankare, a murje har ta yi laushi kamar yadi, ba tare da an jeme ta da wani magani ba.

Cikakken kaya jere biyu ne. Rigar ciki, atigi, gashinta jiki yake kallo, kuma kai tsaye ake sa ta ba singileti. Tsinin gashin ne ke taɓa fatar mutum, don haka akwai iska tsakanin jiki da riga ko'ina. Ta waje, qulittaq, gashinta waje yake kallo, an kuma yanka ta da yalwa yadda za ta zauna kan ta ciki ba ta danne ta ba. Haka wando biyu, safa da takalmi bisa juna. Duka kayan da wuya su kai kilo biyar.

Gwanintar tana cikin yanka. Rigar ba ta da maɓalli ko tsaga a gaba, ta kai ake zura ta, don kada iska ta samu ƙofa. Hularta haɗe take da jikinta, tana kama fuska sosai, an zagaye bakinta da gashin kyarkeci ko na wata dabbar dawa da ƙanƙarar numfashi ba ta manne wa gashinta. Gindin rigar kuwa a sake yake, ya sauko ya rufe ƙugun wando, wandon ya sauko ya rufe bakin takalmi. Tunda iska mai ɗumi sama take yi, muddin wuya a rufe yake, tana nan a kulle. Da maharbi ya ji gumi na shirin tsattsafowa, sai ya tura hular baya. Iska mai zafi da laima ta fice ta wuya, sabuwa ta shigo ta ƙasa, ya huce ba tare da ya tsaya ya tuɓe komai ba. In guguwa ta taso, ya ɗaure ƙugu da igiya.

Hammata ma an ba ta faɗi da gangan, yadda mutum zai zare hannuwansa daga hannun riga ya rungume su a ƙirji idan yatsu sun fara mutuwa. Layin ɗinki ba ya bin kan kafaɗa, inda igiyar kaya ke ci. Ana sauko da shi ƙasa kaɗan. Geza da ake sa wa gindin riga ado ce, amma ita ce ke hana bakin fatar nannaɗewa. Safar hannu ba ta da yatsu rabe-rabe, domin yatsu huɗu a ɗaki ɗaya sun fi ɗumama juna.

Duk wannan ba tef ba takardar awo. Maɗinkiya da ido take awo, da ɗani da taƙi, wani lokaci da ɗan zare mai ƙulli. Ta san jikin mijinta da na 'ya'yanta, ta san wanda ya ƙara tsawo tun bara. Tana yanka da wuƙa mai siffar rabin wata, ta ɗinka da allurar ƙashi ko ta haure, da zaren jijiyar bayan karibu. Yarinya kan fara koyo tun tana ƙarama da ɗinka wa 'yar tsana kaya, kuma iyayen saurayi sukan duba hannun budurwa a ɗinki kafin komai, domin maharbin da rigarsa ta yage a kan ƙanƙara ba lalle ya dawo gida ba.

Rigar mata, amauti, ta fi kowacce nuna wannan ilimi. An yi mata aljihu a baya, ƙasa da hula, inda ake goya jariri tsirara, fatarsa a jikin ta uwarsa. Kafaɗun suna da faɗi ƙwarai, yadda uwa za ta zagayo da shi gaba ta shayar da shi ba ta fito da shi cikin sanyi ba. Igiya a ƙugu ita ke tallafe shi, ita kuma ke rufe hanyar iska daga ƙasa. Yaro kan zauna a nan har ya kai shekara biyu ko fiye, ana ƙara faɗin aljihun yana girma.

Takalmi, kamik, shi ne gwajin ƙarshe na maɗinkiya. Na lokacin ruwa da fatar sil ake yi, da wani ɗinki da allura ba ta huda fatar ta fita ɗaya gefen, zaren jijiya kuma in ya jiƙe sai ya kumbura ya toshe gurbinsa. A ciki akwai safar fata, da wani ƙaramin takalmi, a wasu yankunan har da busasshiyar ciyawa, kuma dole yatsu su samu filin motsi. Kowane dare sai a juye su a shanya sama da fitilar dutse mai cin kitse, da safe mace ta tauna tafin ya yi laushi. Rigar waje kuwa ba a shiga ɗaki da ita sai an kakkaɓe dusar ƙanƙara da sanda, sau da yawa ma a zaure ake barin ta cikin sanyi, don kada abin da ya rage ya narke ya jiƙa gashin.

Aikin yana da lokacinsa da dokokinsa. A wajen Netsilik, wani reshe na Inuit, da maƙwabtansu, dabbar tudu da ta teku ba sa haɗuwa, saboda haka dole a gama ɗinka sabbin kayan karibu a kan tudu a farkon sanyi, kafin jama'a su koma kan ƙanƙarar teku farautar sil. Makonnin nan gari kan tsaya cik yana jiran allurar mata.

Turawan da suka shigo yankin a ƙarni na 19 da nasu tunanin suka zo. A 1845 Sir John Franklin ya bar Ingila da jirage biyu, Erebus da Terror, yana neman hanyar ruwa ta arewacin Kanada zuwa Asiya. Mutum 129 ne suka shiga ƙanƙarar, ko ɗaya bai fito ba. Jiragen sun maƙale kusa da tsibirin King William a 1846, a watan Afrilun 1848 mutum 105 da suka rage suka sauka suna jan kwale-kwale a ƙafa, sanye da kayan ulu na sojan ruwa da takalman fata. Yunwa da cututtuka ne suka fi cin su, amma jan kaya cikin ulu yana nufin gumi da rana, ƙanƙara da dare. A wannan ƙasa dai Netsilik ke haihuwa suna renon 'ya'yansu.

Wanda ya kawo labarin ƙarshensu a 1854 shi ne John Rae, likita ɗan tsibiran Orkney da ke aiki da kamfanin Hudson's Bay. Shi kayan fata yake sawa, yana kwana a ɗakin dusar ƙanƙara, yana harbin abincinsa, kuma ya yi dubban kilomita a ƙafa. Da ya faɗi abin da Inuit suka shaida masa, cewa yunwa ta kai mutanen Franklin ga cin naman 'yan'uwansu, Landan ta yi masa ca, har da marubuci Charles Dickens. A idon manyan sojan ruwa na lokacin, Bature ya yi shigar 'yan ƙasa zubar da girma ne.

Roald Amundsen na Norwe bai ɗauke shi haka ba. A 1903 ya shiga wannan hanya da ƙaramin jirgin kamun kifi, Gjøa, su bakwai, ya yi sanyi biyu a wani lungu na tsibirin King William da yanzu ake kira Gjoa Haven. Netsilik suka zo suka yi zango kusa da shi. Ya ba su allurar ƙarfe da wuƙaƙe, suka ba shi tufafi, ya sa ya fita da su. Abin da ya rubuta daga baya shi ne kayan sun fi na Turai nesa ba kusa ba a lokacin sanyi, da sharaɗin a bar su sako-sako iska ta zagaya, kada kuma a cakuɗa su da ulu a ciki. Tarin kayan da ya kai gida yana gidan tarihi a Oslo har yau.

Shekaru kaɗan bayan haka ya kai wannan darasi ɗaya ƙarshen duniya. A sansaninsa na Framheim a Antatika, mutanensa sun shafe duhun sanyin 1911 suna farkewa suna sake ɗinki. Takalma ne suka fi ba su aiki: an warware su an faɗaɗa ba sau ɗaya ba, don su ɗauki safa da yawa ba tare da sun matse ƙafa ba. Da suka yi gaggawar tashi ranar 8 ga Satumba, sanyin da ya wuce digiri 50 ƙasa da sifili ya koro su, wasunsu dugadugai a daskare, sai aka koma kan takalman. A watan Oktoba suka sake tashi su biyar da karnuka 52, suka isa ƙuryar kudancin duniya ranar 14 ga Disamba, suka dawo lafiya.

Ayarin Robert Falcon Scott na Birtaniya ya dogara da ulu jere-jere, da rigar tare iska ta yadin gabadin na Burberry a sama. Akwai hujja a zaɓinsa: mutanensa su ke jan amalanken ƙanƙara da ƙarfinsu, kuma mai irin wannan aiki cikin rigar gashi dafuwa zai yi. Amundsen ma yana da gabadin don ranakun aiki mai nauyi. Matsalar ita ce gumi. Apsley Cherry-Garrard, wanda ya yi tafiyar mako biyar cikin duhun sanyin 1911 tare da Edward Wilson da Henry Bowers, ya ba da labarin yadda kayansu ke sandarewa cikin daƙiƙoƙi da fitowa daga tanti. Wata rana ya ɗaga kai ya duba sama, hular ta daskare a haka, ya yi awanni yana jan kaya wuya a ƙage. Jakar barcinsa ta tashi daga kilo takwas zuwa ashirin saboda ƙanƙarar gumi da numfashi. Scott da mutum huɗu sun isa ƙuryar ranar 17 ga Janairun 1912, suka tarar da tutar Norwe, kuma dukansu a hanyar dawowa suka mutu, ƙafafun wasunsu sanyi ya riga ya cinye.

Sojoji sun sake biyan kuɗin wannan darasi da ƙafafunsu. A ramukan yaƙi na Faransa a sanyin 1914, ƙafafun dubban sojojin Birtaniya suka kumbura suka ruɓe saboda ruwa, matsattsen takalmi da ƙyallen da ake naɗewa tamau a ƙwauri, har aka ba da umarnin a sassauta naɗi, a riƙa canza safa, a shafa man dabbar teku ta whale. A 1941 sojan Jamus ya isa bakin Mosko da dogon takalmi daidai ƙafarsa, mai ƙusoshi a tafi masu janyo sanyin ƙasa. Sojan Rasha nasa yana da sarari, yana naɗe ƙafa da ƙyalle, da yawansu kuma suna da valenki, burmemen takalmin curarren ulu. Jamusawa suka koma cusa jarida da ciyawa a kaya, a watan Disamba gwamnatinsu ta roƙi jama'a su ba da gudummawar kayan sanyi.

A wannan shekara ta 1941 ne masana uku, Gagge, Burton da Bazett, suka fito da ma'aunin ɗumin tufafi mai suna clo. Clo ɗaya shi ne kayan da zai ishi mutum yana zaune a ɗaki mai digiri 21. Sojan Amurka ya ƙera mutum-mutumin tagulla mai ɗumi yana gwada masa riguna, aka kuma nemi shawarar Vilhjalmur Stefansson, wanda ya yi shekaru cikin Inuit. Kakin sojan Amurka na 1943 a kan tsarin jere-jere aka gina shi. Gwaje-gwajen baya sun nuna ɗumi yana ƙaruwa idan tazarar riga da jiki ta ƙaru har zuwa kimanin santimita ɗaya, daga nan sai iskar ciki ta fara zagayawa tana ɗebe zafi. A 1995 Jill Oakes da Rick Riewe da abokan aikinsu a Kanada suka zaunar da mutane a ɗakin gwaji mai digiri 28 ƙasa da sifili, wasu da kayan soja, wasu da na masu balaguron ƙanƙara, wasu da na karibu. Masu karibu ne suka fi riƙe ɗumi.

A daidai lokacin da masana ke tabbatar da ingancin kayan Inuit, sana'ar kanta tana ja baya. A shekarun 1950 da 1960 gwamnatin Kanada ta tattara Inuit a ƙauyuka na dindindin, aka kwashe yara zuwa makarantun kwana masu nisa a shekarun da ya kamata yarinya tana gefen kakarta da allura. Kanti ya kawo riguna ɗinkakku. Gidaje masu na'urar ɗumi ba su dace da ajiyar fatar karibu ba, domin zafi yana busar da ita gashin ya zube. Hana cinikin fatar sil da Turai ta yi a 1983, sannan a 2009, ya karya kasuwar da ke tallafar maharba, duk da an ce dokar ba ta shafi farautar Inuit ba.

Matan ba su saki ba. Ƙungiyarsu ta Pauktuutit, wadda aka kafa a 1984, ta tashi tsaye bayan da kamfanin kayan ƙawa na Donna Karan ya aika wakilai a 1999 suka sayi tufafin gargajiya a yammacin yankin, ta kira taro a Rankin Inlet a 2001 kan yadda za a kare haƙƙin mallakar amauti. A 2019 kamfanin Canada Goose ya ɗauki maɗinka Inuit 14 suka yi riguna da sunayensu a jiki, kuɗin da aka samu ya koma wa al'ummarsu. A makarantu da cibiyoyin Nunavut, a arewacin Kanada, tsofaffi suna koyar da kankare fata da ɗinkin kamik.

Babbar damuwar yanzu ita ce fatar. Garken karibu na Bathurst, wanda aka ƙiyasta ya kai kusan 470,000 a tsakiyar shekarun 1980, ya ragu zuwa ƙasa da 10,000, a tsibirin Baffin kuma an dakatar da farautar karibu a farkon 2015 kafin a mayar da ita da ƙayyadadden adadi. Saboda haka yawancin rigunan da ake ɗinkawa yau da yadin kanti ake yi, da abin cushe na roba a ciki da yadin tare iska a waje, a kan keken ɗinki. Yankan dai na dā ne: hula mai kama fuska da gashi a bakinta, kafaɗa mai yalwa, aljihun goyo a bayan rigar mata. Maharban da ke tafiyar kwanaki a kan babur ɗin ƙanƙara, inda mutum ke zaune iska na dukansa, har yanzu su ne manyan masu neman rigar karibu, kuma iyalin da suka samu fatun Satumba sukan ajiye su domin irin wannan tafiya.